Ruwan da ke ɗiga ta hanci ɗaya bayan buguwar kai: yadda likita ke gane ko na ƙwaƙwalwa ne

Filin lafiya na wannan mako zai tsaya kan wata matsala da ba ta cika yawa ba, amma in ta zo akan ɗauke ta a matsayin mura, har sai ta rikiɗe ta zama sanƙarau.

Ku ɗauka ɗan kabu-kabu ne ya faɗi kan hanyar kasuwa, babu hular kwano, goshinsa ya daki ƙasa. Ya yi haɓo kaɗan, ya tashi ya kakkaɓe jiki, aka ce Allah ya kiyaye gaba, ya koma gida. Bayan kwana biyu jinin ya tsaya, sai wani ruwa garai-garai kamar na randa ya fara ɗiga ta ƙofar hanci ɗaya. Ba atishawa, ba ƙaiƙayi, ba toshewa. In yana zaune, shiru. Da ya duƙa ɗaukar wani abu, ko ya kai goshi ƙasa a sujada, sai ɗis, ɗis, a kan tabarma. Da dare in ya kwanta rigingine yana jin wani abu mai gishiri-gishiri na gangara mai maƙogwaro. Mutanen gida za su ce sanyi ne ya kama shi, a dafa mai citta da kanumfari.

To, wanga ruwa yana iya zama ruwan ƙwaƙwalwa.

Ƙwaƙwalwa da lakar baya suna cikin wata jaka ce mai tauri, kuma suna iyo cikin ruwa mai haske wanda ke kare su daga girgiza. In kun ga an rubuta LCR a takardar likita, shi ake nufi. A jikin babban mutum bai wuce mililita 150 ba, wato bai kai sulusin ledar ruwan sha ba, amma jiki na sarrafa kusan mililita 500 a kowace rana, yana zubar da tsoho yana kawo sabo. Shi ya sa mutum zai iya yin makonni yana ɗiga ruwan bai ƙare ba. Ƙashin da ya raba rufin hanci da ƙwaƙwalwa kuwa siriri ne ainun, a wani wurin kamar ɓawon ƙwai, ga shi da ƴan ƙananan huji inda jijiyoyin jin ƙamshi ke ratsawa. Jakar na manne da shi, don haka in ya tsage ita ma sai ta yage. Haka abin yake a ƙashin da kunne ke ciki.

Asarar ruwan ba ita ce babbar damuwa ba. Ƙofar da ruwa ya bi ya fita, ita ƙwayoyin cutar da ke zaune cikin hanci za su bi su shiga. Mu nan Nijar babu mai ba mu labarin sanƙarau. A 2015 kaɗai an ƙidaya mutum kusan 8.500 da suka kamu, sama da 500 suka rasu. Sai dai wancan na annoba ne, mai zuwa da zafi da ƙura. Wanda ke biyo hujin kai yawanci wata ƙwaya ce daban, da ake kira nimokok, kuma ba ruwanta da damina ko bazara. Allurar MenAfriVac da aka fara yi mana a 2010 ba ta kare mutum daga gare ta. Saboda haka wanda ya yi sanƙarau sau biyu ko uku, likita mai lura zai tambaye shi ko ya taɓa buguwa a kai, ko da shekaru sun wuce.

Tambaya biyu likita ke son amsawa, kuma a jere suke. Ta fari: wannan ruwa na ƙwaƙwalwa ne ko majina ce? Ta biyu: in shi ne, ina hujin yake? Kowace da kayan aikinta.

Abin da baki da ido ke iya faɗa

Gwaji na fari ba ya cin ko dala: labarin da mara lafiya zai bayar. Yaushe aka faɗi, ina ya bugu, ya suma ko bai suma ba, yaushe ruwan ya fara, ta hanci ɗaya ko biyu, me ke tayar da shi. Kusan 8 cikin 10 na irin wannan yoyo daga buguwar kai suke: hatsarin moto da mota, faɗowa daga itace ko amalanke, harbin doki ko jaki, sanda a wajen rigima. Wasu kuma bayan aikin tiyata a hanci, kunne ko kai. Yawanci ruwan na bayyana cikin kwana biyu na farko, amma akwai wanda sai kumburi ya saɓe, ko gudan jinin da ya toshe wurin ya narke, bayan makonni ko watanni. A nan ne mutane ke yin kuskure, don sun riga sun manta da faɗuwar, ba su ma ambata wa majo ita.

Daga nan sai dubawa. Baƙi ya zagaye idanu biyu alhali ba a idon aka bugu ba. Tabon jini a bayan kunne, wanda sau da yawa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku yake fitowa. Jini a bayan dodon kunne. Mutum ya daina jin ƙamshin miya ko warin hayaƙi. Kunne ɗaya ya toshe, ko gefen fuska ya saki. Duk waɗannan na nuna ƙasan ƙoƙon kai ya tsage. Likita kan zaunar da mutum, ya ce ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi na ƴan mintoci, ya zuba ido ya gani. Ya fi kyau da safe, domin ruwan kan taru cikin kogunan ƙashin fuska da dare, da an tashi an sunkuya sai ya zubo gaba ɗaya.

Wani abin mamaki: ruwa na iya fitowa ta hanci alhali hujin a kunne yake. In dodon kunne bai fashe ba, ruwan kan bi ƴar hanyar da ta haɗa kunne da bayan hanci. Ke nan inda ruwa ya fito ba lalle ne ya nuna inda ya ɓalle ba.

Akwai gwaje-gwaje biyu na tsofaffin likitoci da har yanzu ake ji a baki. Na ɗaya, a ɗiga ruwan mai haɗe da jini kan farin ƙyalle ko takarda. Jinin ya tsaya tsakiya, wani zobe mai haske ya zagaye shi. An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa wannan zobe shaida ce. Da aka gwada, sai aka ga jini in an gauraya shi da ruwan famfo, ko ruwan gishiri, ko ruwan hanci na mura, shi ma yana yin zoben. Na biyu, na hankici: majina in ta bushe tana sa ƙyalle ya sandare, ruwan ƙwaƙwalwa kuwa yana barinsa da laushi. Yana da ɗan amfani wajen sa mutum ya farga, amma murar da ƙura ko sanyi ke tayarwa ita ma tana zuwa da ruwa tsararo. A ganinmu, duk wanda ya ga zobe ko ƙyalle mai laushi ya kama hanyar likita. Wanda bai gani ba, in labarinsa ya yi kama da na ɗan kabu-kabun can, shi ma ya kama hanya.

Abin da labo ke nema cikin ɗigon

Mafi sauƙi shi ne awon sukari. Ruwan ƙwaƙwalwa na ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na sukarin da ke cikin jini. In jini na da giram 1 a lita, shi zai kai wajen 0,6. Majinar mai lafiya kusan ba ta da sukari. Don haka in labo ya auna ruwa marar jini ya samu sama da giram 0,3 a lita, zargi ya yi ƙarfi. Matsalar ita ce abubuwa da dama na ɓata lissafin. Ɗigon jini kaɗan ya isa ya kawo sukari. Mai ciwon sukari, majinarsa na iya nunawa. Hawaye na gangarowa cikin hanci, mura mai zafi ma na sa a gani. A ɗaya gefen, in sanƙarau ya riga ya shiga, sukarin ruwan ƙwaƙwalwa kan faɗi ƙasa, sai gwaji ya ce babu alhali akwai. Ƴar takardar nan da ake tsomawa cikin fitsari ta fi kowanne ruɗi, don ko ɗan kaɗan ta taɓa sai ta canja launi. Inda babu wani abu sai ita ana amfani da ita, amma ba a yanke hukunci a kanta.

Gwajin da duniya ta fi yarda da shi sunansa beta-2 tiransferin. Tiransferin wani sinadari ne mai dakon ƙarfe cikin jini, kowa na da shi. Wanda ke cikin ruwan ƙwaƙwalwa yana da wata siffa tasa daban, wadda ba a samu cikin majina, hawaye ko miyau. Sai dai cikin ruwan can cikin kunne da na ƙwayar ido. Wasu likitoci a ƙasar Finlan, Meurman da abokan aikinsa, su ne suka nuna a 1979 cewa ana iya kama yoyo da shi. Ana ɗora ɗigon kan wani faranti mai kamar kamu, a sa wutar lantarki ta ja sinadaran, kowane ya yi tafiya gwargwadon cajin da ke jikinsa. Jini na barin layi ɗaya. Ruwan ƙwaƙwalwa na barin biyu. Wannan layi na biyu shi ake nema. Rabin mililita ya wadatar, kuma cikin gwaji 100 sama da 90 na faɗin gaskiya. Inda yake tuntuɓe shi ne ga mai ciwon hanta da ya daɗe, ko mai yawan shan giya, ko wanda aka haifa da wani nau'in tiransferin na gado, domin su jininsu ma na iya nuna layin. Dalilin ke nan da ake ɗibar jinin mutum tare da ruwan hancin, a gwada su gefe da gefe. Kada ku ce an ƙara muku analiz don a ci kuɗinku.

Akwai ɗan uwansa, beta-tiras. Shi ana samunsa ko'ina a jiki, amma yawansa a ruwan ƙwaƙwalwa ya ninka na jini kusan sau 30. Na'ura ke auna shi, cikin ƙasa da awa guda an gama, kuma ya fi araha inda na'urar take. Ba a dogara da shi ga mai ciwon ƙoda, don yana taruwa a jininsa, haka ga wanda sanƙarau ke jikinsa, don yana raguwa.

Mu faɗi gaskiya, waɗannan biyu aikin manyan ɗakunan bincike ne. Ko a Turai asibitoci da yawa aikawa suke yi da samfur wani gari, su jira kwanaki. Ba abin da za a samu a CSI ba ne. Likitanmu sau da yawa zai haɗa labari, da abin da idonsa ya gani, da awon sukari, da hoto, ya yanke shawara, kuma in an faɗi a kai ga ƙashi a tsage ga ruwa na zuba, hakan ya isa a fara kula da mutum.

Akwai abu guda da ke hannun mara lafiya. Wannan ruwa yana da halin ɓuya: ya zuba a gida, a zo gaban likita ya ƙi fitowa. A roƙi kwalba mai tsabta mai murfi a labo, irin wadda ba a taɓa buɗewa ba. Da safe a sunkuya a bar shi ya ɗiga da kansa, ba tare da facewa ba. In bai taru a rana ɗaya ba a ci gaba da tarawa, a rufe, a ajiye a firijo ko cikin kula mai ƙanƙara, a kai da wuri. Ban da kwalbar turare, ban da ta magani da aka ɗauraye. Mai waya ya ɗauki bidiyon ɗigar ma, yana taimaka wa likita ƙwarai.

Neman hujin

Radiyon asibiti, ba irin tamu mai magana ba, wato hoton ƙashi da aka saba yi, ba ya cika ganin tsagar ƙasan ƙoƙon kai, don ƙasusuwan wurin sun hau kan juna. Mutum na iya biyan kuɗi a ce mai babu karaya alhali akwai. Abin da ake bukata shi ne sikana, kuma mai yanka siriri, milimita 1 ko ƙasa da haka, na ƙasan kai da kogunan hanci ko na kunne. Yana nuna inda ƙashi ya tsage, ruwan da ya taru a ƙarƙashinsa, wani lokaci har da iska a cikin kai. Iska ba ta da abin yi a can. In an gan ta, to akwai ƙofa a buɗe. Amfanin sikana shi ne ko ruwan ya tsaya a ranar, tsagar ƙashin na nan. Irin wannan hoto sai manyan asibitoci, shi ya sa takardar turawa daga likitan kusa take da muhimmanci, kuma a tabbata an rubuta zargin yoyon LCR a kanta, don mai hoton ya san irin yankan da zai yi.

IRM ba ta ganin ƙashi kamar sikana, amma ta fi shi ganin ruwa da nama. Ana saita ta yadda ruwan ƙwaƙwalwa zai fito fari fat, a bi sawunsa daga cikin kai har hanci, kuma tana nuna ko wani ɓangare na jakar ko na ƙwaƙwalwar ya leƙo ta hujin. In tsagar ta yi yawa ba a san wadda ke yoyo ba, akwai mataki na gaba: a yi allura a ƙasan baya, a zuba wani ruwa mai fitowa a hoto, a kwantar da mutum kai ƙasa-ƙasa, sannan a sake sikana a ga ta inda ya ɓulla. Wannan sai ruwan na zuba a ranar yake aiki.

Na ƙarshe shi ne rini. Tun 1960 likitoci ke amfani da wani rini mai suna fuloresin, wanda ake zuba ɗan mitsitsi cikin ruwan baya a hankali. Likitan hanci, kunne da maƙogwaro ya shiga da siririn madubi mai fitila, sai ya ga kore shar na tsattsafowa daidai wurin hujin. Yawanci a ɗakin tiyata ake yinsa, ana gani ana ɗinkewa. In an zarce ƙima yana iya kawo farfaɗiya ko shanyewar ƙafa, don haka aikin ƙwararru ne kawai. Da can sai an buɗe ƙoƙon kai; Walter Dandy na Amurka ne ya fara gyara irin wannan huji ta haka a 1926. Tun daga 1981 aka fara bi ta hanci da madubi, kuma yau kusan 9 cikin 10 na toshewa a aiki na farko.

Kafin a kai nan, a sani cewa yawancin yoyon buguwar kai na tsayawa da kansa cikin kwana 7 zuwa 10 in an kwanta, kai a ɗage bisa matashi, a ƙarƙashin idon likita. Wanda ya wuce haka shi ake tunanin yi wa aiki, domin kowane mako da ƙofar ta ƙara a buɗe, haɗarin sanƙarau na ƙaruwa. A kwanakin nan ba a facewa, ba a ɗaukar kaya mai nauyi, ba a yunƙuri a bayan gida, in atishawa ta zo a buɗe baki. Ba a cusa auduga ko tsumma a hanci ko kunne, ba a ɗiga mai ko ruwan magani, ba a shaƙa gari ko taba. Har alwala: shaƙa ruwa da facewa na iya tura ƙazanta da iska ciki. A mazhabar Malikiyya da muke bi shaƙa ruwa sunna ce, ba farilla ba, kuma mara lafiya na da sauƙin yin salla da nuni. Ku tambayi malaminku. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na ƴan tebur ma ba kariya ba ne. Binciken da aka tattara bai nuna cewa shansa tun kafin ciwo na hana sanƙarau ba, kuma yana iya ɓata sakamakon analiz ranar da ake bukatarsa. Zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sandare, amai, ƙin haske, ko mutum ya fara sambatu: wannan ba a jira gari ya waye.

Akwai kuma waɗanda ba su taɓa faɗuwa ba. An fi gani ga mata masu jiki, masu matsakaicin shekaru, waɗanda ruwan ke matsa wa kai lamba shekara da shekaru har ƙashin ya cinye. Sukan yi ta shan maganin mura ba sauƙi, ga ciwon kai, ga ƙara a kunne mai bin bugun zuciya. Irin nasu ba ya cika tsayawa da kansa, kuma likita zai duba cikin idonsu, don matsin kan nuna a jijiyar gani.

Yoyon da ba a ganin ruwansa

In hujin a baya yake, babu abin da zai ɗiga a waje. Ruwan na tsiyaya ne cikin nama. Alamar ita ce ciwon kai mai bin tsayuwa: a tashi zaune ko tsaye ya sara, musamman a ƙeya, a kwanta ya lafa cikin ƴan mintoci. Matan da aka yi wa allurar baya don fiɗar haihuwa, da waɗanda aka ɗebi ruwan bayansu don awon sanƙarau, wasunsu sun san shi. Likitan Jamus August Bier, wanda ya fara wannan allura a 1898, da aka gwada a jikinsa shi ma sai da ya kwanta kwanaki da ciwon kan. Yana zuwa cikin kwana 5 bayan allurar, kuma labarin kaɗai ya isa a gane shi. Yawanci yana wucewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. In ya ƙi, ana ɗibar jinin mutum a zuba kusa da hujin ya daskare ya toshe shi. Mai jego da kanta ke sarawa ta koma wajen waɗanda suka yi mata aikin, a auna tansiyo kuma, don ciwon kai bayan haihuwa na iya zama na hawan jini mai kawo jijjiga.

Wanda irin wannan ciwon kai ya same shi ba tare da allura ba, IRM ta kai ake fara yi, tare da ruwan allura mai haska hoto. Ana ganin jakar ta yi kauri ta yi haske, ƙwaƙwalwar ta ɗan zauna ƙasa. Auna ƙarfin ruwan ta baya na iya nuna ƙasa da santimita 6, amma da yawa nasu daidai yake fitowa, don haka sakamako mai kyau a nan bai wanke mutum ba.

Ƴan uwa na Kano, Legas, Abijan, Agadas, Libiya da sauran wurare, ku ne ake bugo wa waya in an yi hatsari, ku ne ke turo kuɗi. Bayan kun tambayi karaya da ɗinki, ku ƙara da waɗannan: akwai ruwa mai haske ta hanci ko kunne? Ta gefe ɗaya ne? Yana ƙaruwa in ya sunkuya? Yana jin ƙamshin abinci? In amsar ta ba ku tsoro, kuɗin mota zuwa babban asibiti da na sikana su ne a gaba, kuma a tafi da duk takardun ranar hatsarin. Ku sake yin tambayar bayan mako biyu, ku sake bayan wata uku.